Gwiwata ta ƙi miƙewa tun da na murɗe a filin ƙwallo

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Ni tela ne a Aboabo, nan Kumasi. Bayan ƙaramar Sallah muna ƙwallo da yamma, na dasa ƙafar dama na juya, sai na ji ƙas a cikin gwiwa. Kashegari ta kumbura. Kumburin ya sauka, amma har yau ƙafar ba ta miƙewa gaba ɗaya, wani abu ne ke tokarewa daga ciki. A kan kujera nake salla, keken ɗinki ma da hagu nake takawa. An ɗauki hoto a wani asibiti aka ce ƙashi lafiya lau, aka ba ni maganin ciwo. Maɗori ya ja ƙafar ya ɗaure, ba canji. Kawuna ya ce a koma a ja da ƙarfi. Yaya zan yi?

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanena, Allah ya ba ka lafiya. Don Allah kada a sake jan ƙafar nan. Ka gaya wa Kawu cikin ladabi cewa likita ne ya hana.

Tsakanin ƙashin cinya da na ƙwauri akwai guringuntsi biyu a kowace gwiwa, masu siffar jinjirin wata, su ke ɗaukar nauyi in ka taka. Idan ƙafa ta kafe a ƙasa jiki ya juya, ɗaya na iya yagewa, ɓangaren da ya yage ya naɗe ya shige tsakiyar gaɓar. Shi ke hana miƙewa. Bayaninka ya fi kama da wannan, ko da yake ɓarɓashin ƙashi ko tsinkewar jijiyar cikin gwiwa ma na kawo haka. Wani lokacin kuma ciwo ne kawai ke sa nama ya ɗaure. Likita na bambance su da hannunsa.

Wanda ya ce ƙashinka lafiya bai yi ƙarya ba. Hoton ƙashi ba ya nuna guringuntsi, sai na MRI, wato na'urar ɗaukar hoto da ke nuna nama da jijiyoyin cikin jiki. Ka nemi takardar tura ka wurin likitan ƙashi a Asibitin Koyarwa na Komfo Anokye, ka tafi da katin inshorar lafiya na NHIS da hoton farko, ka tambayi kuɗin MRI tun kafin a ba ka rana.

Abin da ke damuna shi ne jinkiri. Gefen waje na guringuntsin ne kaɗai ke samun jini sosai, kusan kashi 1 cikin 3, kuma yagewar da ke can ana iya ɗinke ta ta haɗe. Ana yin aikin ta ƙananan huda da kyamara, ba a buɗe gwiwa. In aka daɗe, ɓangaren ya murƙushe, sai dai a yanke shi, gwiwa kuma ta fara cinyewa tun kana saurayi. Bayan ɗinki za ka yi kamar mako 4 zuwa 6 da sanda, sai motsa gaɓa wurin masu fisiyo. Ƙwallo sai bayan watanni.

Kafin nan ka bar tsuguno da tafiya mai nisa, ka sa ƙanƙara cikin tawul minti 15 in ta kumbura. Sallarka a zaune ta yi, addini ya ba ka rangwame. Idan sha-raɓa ta kumbura tana ciwo, ko gwiwar ta yi zafi da zazzaɓi, ka wuce sashen gaggawa a ranar.