Kafin ka ɗauko tsohon lamba biyar, kalli zaman tahiyarsa

Ka ce min akwai wani ɗan baya da ya daɗe yana buga firimiyar Najeriya, yanzu ba shi da ƙungiya, takardarsa ta ce shekararsa 33, wai mu ɗauko shi ya riƙe mana baya, har kana kafa min hujja da Thiago Silva da wani Ba'amurke Calais Campbell da ka gani a waya. To ɗana, ka fama min tsohon miki, sai ka yi haƙuri ka ji.

Lokacin kai ko takalmin ƙwallo ba ka iya ɗaurewa ba, ina koci muna ƙaramin rukuni muna neman hawa, wani ejan ya kawo min mutum, dogo, ƙirji kamar ƙyauren zaure. A gwaji ya buga minti arba'in ba wanda ya wuce shi, ko gudu ba ya yi, tsayuwa kawai ya iya, ƙwallo ita ke zuwa ta same shi, ga baki, yana ta tsara yarana, kai fito, kai koma, rufe nan. Wallahi ya shiga raina. Na ga bandeji a gwiwar hagu na tambaya, ejan ya ce ai sabo ne, tun yana yaro yake ɗaurawa. Da muka shiga masallacin gefen fili sallar magariba ina sahun bayansa, na ga wajen tahiya ya kasa naɗe ƙafar, ya miƙe ta gefe, da zai tashi daga sujada sai da ya dafa ƙasa da hannu biyu kamar kakana. Da idona na gani fa, ba labari aka ba ni ba, amma na kawar da kai saboda na riga na so shi.

Shugaban ƙungiya ya ce shi ba shi da kuɗin sa hannu, ni sarkin taurin kai na sayar da mashin ɗina na cika, ejan ya ƙirga a gabana ya zuba aljihu. Ashe allura aka yi masa ranar gwajin. Wasa uku ya buga mana da kyau, daga nan kullum gwiwa a kumbure, ƙanƙara kam sai da mai shagon unguwar ya san mu. Ranar wasan da canjaras ma ya ishe mu hawa, ya rantse min ya warke, na saka shi na ajiye yaron da na raina shekara uku a benci. Saura 'yan mintoci a tashi suka ɗago doguwar ƙwallo ta bayansa, wani ɗan ficicin yaro ya tsinke da gudu, mutumina ya zo juyawa gwiwa ta ce ba ta san zance ba, sai ya kamo rigar yaron a cikin yadi na sha takwas. Jan kati, fenariti, shi ke nan shekara ta tafi. Yaron nan nawa na benci ya yi fushi ya bar mu, kuma da gaskiyarsa. Daga baya wani tsohon abokin wasan mai gwiwar nan yake ce min ai sa'annin juna ne, shi kuwa a lokacin yana dab da arba'in. Na je na sami ejan, ko kunya babu ya ce min "ai kai ne koci, kai ka gwada shi". Har yau in na tuna maganar nan abinci fita kaina yake.

Thiago Silva da kake kira, eh Chelsea ta ɗauke shi 2020 yana 35, amma kyauta ya zo daga PSG kuma kwantiragin shekara ɗaya aka fara ba shi, da koci Tuchel ya zo kuma mutum uku ya jera a baya ga Kante a gabansu yana share fili, kuma ko wasan ƙarshe na kofin zakarun Turai da Man City a Porto 2021 kafin hutun rabin lokaci ya ji ciwo ya fita. Me ya sa ba ka kira min Ramos ba, da PSG ta ɗauka Yulin 2021 bai taka mata wasa ba sai ƙarshen Nuwamba? Ku yaran yanzu bidiyon minti biyu kuke kallo ku ce kun san ɗan wasa.

Shi kuwa Campbell ai wasansu daban ne. An haife shi 1986, a 2008 ya shiga NFL, gasar ƙwallon Amurka, har ya koma ƙungiyar Arizona 2025, amma can canji ba iyaka, ƙato ya shiga ya yi turereniya ta 'yan daƙiƙoƙi ya fito ya huta ya sake komawa, wasa 17 ne kakar in ba a kai zagayen gaba ba. Mu in ka cire mutum ya fita ke nan, ga filinmu kamar siminti, ga zaman bas na yini guda gwiwa a lanƙwashe, a sauka a ce buga.

Maganar takardar saki da rajista ba zan ɓata yawuna ba, ko yaron da ke ɗauko mana ƙwallo ya san wannan. In kana so, ya zo ya yi tirenin kwana uku a jere, ba ranar farko nake kallo ba, ta uku, a sa shi da yaro mafi gudu ana jefa ƙwallo ta bayansa yana juyawa. In ya tsallake, kaka ɗaya, kuɗin sa hannu kashi-kashi gwargwadon wasan da ya buga, kuma lamba huɗun da zai tsaya gefensa dole ya zama mai ƙafa. Ka ce ya zo Talata da la'asar, shi kaɗai ban da ejan, kuma ya tsaya mu yi magariba tare, ni zan bi sahun baya.