Ga ɗan'uwan da ke neman abokan daina giya a Yamai

Assalamu alaikum. Ƙanena, tun daren jiya na ga tambayarka. Ka ce shekara bakwai kana sha a ɓoye, ka rantse ka karya ba adadi, yanzu kana neman inda masu irin wannan lalura ke haɗuwa a Yamai su riƙe juna. Ni ma hanyar da na biyo ke nan. Bana shekarata biyar ban kai ta baki ba, da ikon Allah.

Kafin zancen taro, akwai abin da nake roƙonka don Allah. In kullum kake sha, har hannunka na rawa da safe sai ka kurɓa ya tsaya, kada ka yanke ta dare ɗaya kai kaɗai a ɗaki. Ni haka na yi da shigowar azumi. Ranar farko zufa da makyarkyata, ta biyu na faɗi ina jijjiga kamar mai farfaɗiya, a dare na uku ina ganin ƙwari suna bin bango. Mutanen gida suka ce iska ce. Sai a asibiti likita ya bayyana musu cewa jikin da ya saba da giya, in aka janye ta farat ɗaya ƙwaƙwalwa ce ke rikicewa, abin ya fi tsanani tsakanin awa 48 zuwa 72 bayan shan ƙarshe, kuma yana kisa. Suna ba da maganin kwantar da jiki da bitamin B1. Ka fara da CSI, wato ƙaramin asibitin unguwarku, ko sashen lafiyar ƙwaƙwalwa na babban asibitin ƙasa, ka faɗi gaskiyar yawan abin da kake sha, kada ka rage ko kwalba ɗaya.

Ta can ne ma na samu mutanena. Irin wannan zama ba shi da allo a ƙofa, baki da baki ake saninsa. Wani ma'aikacin jinya ne ya ja ni gefe ya haɗa ni da wani dattijo tela da ya daɗe da dainawa. Duk Alhamis bayan isha'i muke zama a zaurensa, wani lokaci mu shida, wani lokaci tara. Ranar farko sau uku na zagaya layin a kan babur saboda kunya. Da na shiga, tabarma ce da butar shayi a kan gawayi, kowa ya kashe wayarsa ya sa a cikin kwano. Dattijon ya ce, "Zauna ɗana, ba sai ka ce komai ba." Sai wani malamin makaranta ya fara ba da labarin yadda yake ɓoye kwalba a cikin buhun gawayi, ya tauna kanumfari kafin ya shiga gida. Wallahi ji na yi kamar ya leƙa ɗakina. Tun da na fara sha ban taɓa zama inda ba sai na yi ƙarya ba sai a wannan dare.

Tsarin zaman mun aro shi daga Alcooliques Anonymes, ƙungiyar mashaya masu taimakon juna su daina, wadda ta faro a 1935 a garin Akron na Amurka, lokacin da mashaya biyu, ɗayansu ma likita, suka gane cewa hira da wanda ya san ciwon tana hana su komawa. Sunanka na farko ya isa, ba a biyan ko dala, abin da aka faɗa a zaure a zaure yake kwana. Ba ma alkawarin har abada, na yau kawai muke yi, gobe mu sabunta. Kowane sabo ana ba shi wanda zai kira in sha'awa ta taso, ko ƙarfe biyun dare ne. Mu da Fatiha muke buɗewa, Kiristan da ke cikinmu ya yi addu'arsa. In kana jin Faransanci, ƙungiyar tana da zama a intanet ta manhajar Zoom, kana iya saurare ba tare da ka buɗe kyamara ba.

Abin da ya fi ba ni wuya shi ne fada, wato majalisar hira da abokai. Daga magariba zuwa goman dare, sannan ƙarshen wata in albashi ya shigo. Sai da na sauya hanyar komawa gida don kada in bi ta ƙofar mashaya, kuɗina kuma na damƙa wa uwargida, kullum ta ba ni na mai. Duk da haka bayan wata takwas na zame a bikin wani aboki. Mako biyu na ɓuya. Da na koma ba wanda ya ɗaga min murya. Dattijon ya tuna mana hadisin sahabin nan da aka sha kawowa saboda giya, wani ya tsine masa, Annabi (SAW) ya hana, ya ce mutumin yana son Allah da Manzonsa. Na yi kuka a ranar, muka soma ƙirga daga ɗaya.

Ka je wajen likita cikin makon nan. In ka fito ka rubuto min a keɓe, ba sai ka faɗi cikakken sunanka ba. Alhamis zan tsaya maka a bakin titi mu shiga tare.