Allurar gentamicin da ƙodar dattijo mai ciwon suga

Tambaya: Likita, mahaifina ɗan shekara 68 ne, yana da ciwon suga. Yau kwanansa uku a asibiti, an ce ƙwayoyin cuta sun shiga jininsa. Ana yi masa allurar gentamicin, sai wani ya ce min tana kashe ƙoda. In ce a daina yi masa?

Amsa: Allah ya ba Baba lafiya, 'yar'uwa. Kada ki sa a tsayar da allurar bisa jin ƙai ko ji-ta-ji-ta, domin cutar da ta shiga jini ta fi allurar saurin durƙusar da ƙoda. Amma tsoronki yana da tushe. Gentamicin da 'yar'uwarta amikacin, allurai masu kashe ƙwayoyin cuta, ta ƙoda suke fita daga jiki, kuma suna taruwa a cikin ƙananan bututun da ke haɗa fitsari. Ɓarnar takan fara bayyana ne bayan kwana 5 zuwa 7 ana yin allurar. Vancomycin da colistin, wasu magungunan kashe ƙwayoyin cuta, su ma suna taɓa ƙoda. Tsufa da ciwon suga kuwa sun sa Baba cikin waɗanda ake yi wa kaffa-kaffa.

Abin da ya fi damuna shi ne yadda fitsari ke yaudarar masu jinya. Sau da yawa majinyaci yana fitsari yadda ya saba alhali ƙodar ta fara gazawa. Gwajin jini na kiriyatinin, wani datti da ƙoda ke tacewa daga jini, shi ne ke tona asiri. Ki tambayi likitansa cikin ladabi: an auna kafin a fara allurar? Nawa ya nuna? Ga mai shekarun Baba, a riƙa maimaitawa duk bayan kwana 2 ko 3. Idan kiriyatinin ɗin ya ƙaru da rabin yadda yake da farko, lokaci ya yi da za a sake duba maganin. Ki kuma tambaya ko an auna nauyinsa, don da nauyi da ƙarfin ƙoda ake lissafin adadin allurar. Yin ta sau ɗaya a rana ya fi sauƙi ga ƙoda a kan rarraba ta sau uku, kuma da zarar sakamakon gwajin ƙwayar cutar ya fito, ana iya komawa wani magani mai sassauci.

Naki aikin yana bakin gado. Kada kowa ya shigo masa da diclofenac ko ibuprofen daga kemis don ciwon jiki. Haɗuwarsu da gentamicin na wahalar da ƙoda ƙwarai. Haka jiƙe-jiƙen da 'yan dubiya ke kawowa da kyakkyawar niyya, a ajiye su. Idan yana amai ko gudawa, ko ya ƙi shan ruwa, ki faɗa wa nas nan take, wataƙila sai an yi masa ƙarin ruwa.

In an gano da wuri, ƙodar takan farfaɗo cikin 'yan makonni bayan an daina maganin. Kunne ne ba ya cika dawowa, don haka idan Baba ya ce yana jin ƙara a kunne, ko jiri, ko jinsa ya ragu, ki sanar da likita a ranar.