Bashi Ya Hana Ni Barci, Kuma Matata Ba Ta San Rabinsa Ba

TAMBAYA

Anti, barka da aiki. Ni magidanci ne, shekaruna 41, mata ɗaya da yara huɗu. Shekara biyu da suka wuce mahaifiyata ta yi doguwar jinya, Allah bai yi za ta tashi ba. Kafin a kai ga haka na ranta a wuri huɗu: banki, wata manhajar ba da rance ta waya, abokin aikina, sai yayan matata. Yanzu kusan rabin albashina a biyan bashi yake tafiya tun kafin in taɓa shi. Ina biya, ban taɓa cewa ba zan biya ba. Amma Anti, na koma wani mutum daban. Ƙarfe 3 na dare nake farkawa in yi ta lissafi har gari ya waye. Waya ta yi ƙara, gabana ya faɗi. Rannan ƙaramar 'yata ta ce fensirinta ya ƙare, na daka mata tsawa har ta ɓuya a bayan ƙofa. Matata ta san da na banki da na yayanta, sauran biyun ba ta sani ba. Shi kuwa yayan nata na daina zuwa gidansa, ko kiransa ba na yi. Yaya zan yi in riƙe hankalina kafin in gama?

Baban yara huɗu

AMSA

Malam, Allah ya jiƙan Mama, ya sa jinyar da ta sha ta zama kankarar zunubi. Ka ci bashi ne don ka ga mahaifiyarka ta tashi, kuma kana biya. Na fara da wannan domin sau biyu na karanta wasiƙarka, na ga kana yi wa kanka kallon wanda ya gudu da kuɗin mutane. Bashi hanji ne, yana cikin kowa.

Ni ma na yi wata 26 a ƙarƙashinsa, lokacin da wata sana'a da muka zuba komai a cikinta ta rushe. Abin da na fi tunawa a zamanin nan wayata ce. Kife ta nake yi a kan tebur, na cire mata sauti, idan ta yi gurnani a kan katakon sai in ji har cikin haƙorana. Wata rana ɗana, lokacin yana da shekara 6, ya ɗauko ta a guje ya kawo mini ɗaki, yana murna ya yi abin kirki: "Mama, ana kiranki!" Na fizge na ce wa ya aike ka. Da na duba, ashe ƙanwata ce ta kira ta gaishe ni. Watanni yaron nan ya yi ko kusa da wayar ba ya zuwa. Don haka labarin fensirin nan ba baƙo ba ne a wurina.

Tsawar da ka yi tana da dalili, kuma an auna shi. A 2013 mujallar Science ta buga binciken wasu masana huɗu, Anandi Mani da Sendhil Mullainathan da Eldar Shafir da Jiaying Zhao. Sun gwada manoman rake 464 a jihar Tamil Nadu ta Indiya, mutanen da sau ɗaya a shekara kuɗi ke shigo musu. Aka yi musu gwajin nutsuwa da kaifin tunani kafin girbi, lokacin da aljihu ya bushe, bashi ya taru, aka sake yi bayan an biya su. Mutanen su ne dai, amma kafin girbi sun fi yin kuskure, sun fi jinkirin ba da amsa. Masanan sun duba ko yunwa ce ko gajiyar gona, suka ga waɗannan ba su isa su bayyana bambancin ba. Lissafin kuɗi ne ya cika kai har ya rasa wurin ajiye wani abu. Kai ma lokacin da yarinyar ta zo, kanka a cike yake taf, fensiri ɗaya ya sa ya zube.

To, sai a rage wa kan kaya. Aya mafi tsawo a cikin Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka, kuma ta ce kada a ƙosa da rubuta shi, ƙarami ne ko babba, tare da wa'adinsa. Ina zargin ba ka taɓa ganin basukan nan huɗu a shafi ɗaya ba. Yawancinmu haka muke. A 2009 wani masanin tattalin arziki, George Loewenstein, da abokan aikinsa sun nuna cewa ko masu zuba jari sukan rage duba asusunsu idan kasuwa ta faɗi, halin da ake dangantawa da jimina mai cusa kai a rairayi. Ka samu takarda da rana tsaka, ba da dare ba. Kowane bashi layinsa: nawa ya rage, kuɗin ruwa nawa ake ɗorawa a wata, tarar jinkiri nawa ce, ranar nawa ake biya, kuma a wane wata zai ƙare idan ka ci gaba a yadda kake. Ranar da na yi nawa hannuna rawa yake yi, jimlar ma ta ɗan zarce abin da na zata. Duk da haka daren nan na yi barci, domin a kaina lambar kullum motsi take yi, yau ta kumbura gobe ta ninka, a takarda kuwa ta tsaya wuri ɗaya, kuma a ƙasanta akwai sunan watan da zan gama.

Layin kuɗin ruwa shi zan so ka daɗe a kansa. Wanda ya ranci 100 a kan kashi 5 cikin ɗari duk wata, ana tara ruwan a kan uwar kuɗin bai biya komai ba, bayan wata 12 zai tarar da kusan 180. Idan kashi 15 ne a wata, 100 ɗin nan ta haura 530. Irin wannan rancen na waya sau da yawa da wata ko da mako suke faɗin ruwansu, sai mutum ya ji kamar kaɗan ne. A lissafi, a biya kowa abin da ya wajaba, duk rarar da ta samu a zuba ta kan wanda ruwansa ya fi tsada. Akwai kuma masu fara kashe ƙaramin bashi don su ga layi ɗaya ya goge, kuma ba wauta ba ce: binciken David Gal da Blakeley McShane na 2012 ya gano cewa masu rufe basuka ɗaya bayan ɗaya sun fi kai wa ga gama duka. A naka, ina ganin hanyoyin biyu za su iya haɗuwa a kan manhajar nan. Idan takardarka ta nuna ita ce mafi tsada, fara da ita, ka goge ta daga wayar ranar da ka gama. Kuma ko sau nawa suka turo maka saƙon cewa ka cancanci sabon rance, kada ka ciwo wani don ka toshe wani. Na yi sau ɗaya, wata huɗu ya ƙara mini.

Yanzu maganar da ka fi gudu. Ka gaya wa matarka. Mace tana kwana kusa da mutumin da ke tashi ƙarfe 3 yana tsaki, tana ganin yana fita waje ya amsa waya, kana zaton ba ta lura ba? Ta lura, kuma abin da zuciyarta ke raya mata wataƙila ya fi bashi muni. Ga kuma wani haɗari: wasu daga cikin irin waɗannan manhajoji sukan aika saƙo ga lambobin da ke wayar mutum idan ya yi jinkiri. Gara ta ji daga bakinka. Ka zaɓi lokacin da yara ba sa kusa kuma ba a tsakiyar rigima ba, ka ajiye takardar a gabanta, ka faɗi jimlar gaba ɗaya a zama ɗaya. Kada ka ba ta rabi yau, rabi bayan wata guda, domin kowane sabon ɓangare sabon ciwo ne. Za ta ji haushi, ɓoyewar ce za ta fi ƙona mata rai, kuma tana da gaskiya. Ka bar ta ta yi fushinta, kada ka ce ai don mahaifiyata na yi, ta riga ta sani. Ita ke riƙe da kuɗin cefane, ta san inda ake ɗiga da inda ba ya taɓuwa fiye da kai. Wanda ake rage wa abu bai san dalili ba, ƙwauro yake gani. Idan ya san watan da za a gama, sai ya kama maka.

Yayanta kuwa, shirun da ka yi ya fi kuɗin ci masa rai. Mai bin bashi da ba a kiransa yakan ɗauka an raina shi ne. Ka je da ƙafarka, da ɗan abin da ya samu ko yaya yake, ka ce masa: Yaya, ban manta ba, ga halin da nake ciki, daga wata kaza zan riƙa kawo kaza. Faɗi abin da ka tabbata za ka iya ko a watan da ya fi matsi, kada kunya ta sa ka yi alkawarin da zai sake raba ka da ƙofar gidansa. Aya ta 280 a Suratul Baƙara ta ce idan wanda ake bi yana cikin ƙunci a jinkirta masa zuwa lokacin sauƙi, amma ta yaya zai jinkirta maka bai san kana ƙunci ba? Bankin ma ka je tun kafin ka tsallake biya, ka tambaya ko za su tsawaita wa'adi su rage abin da suke cira duk wata. Jimlar ruwan za ta ƙaru, ka nemi a rubuta maka ita ka gani kafin ka sa hannu.

Game da dare, ka yanka wa bashin lokacinsa: rabin awa sau ɗaya a mako, kai da matarka da takarda. Idan ya zo ƙarfe 3, ka rubuta abin da ya taso a layi ɗaya, ka ce masa sai ranar zama. Da farko ba zai ji ba. Idan barci ya ƙi, tashi daga gadon ka zauna wani wuri ba waya a hannu, sai ido ya yi nauyi ka koma. A cikin addu'ar da Bukhari ya ruwaito daga Anas, Annabi (SAW) ya nemi tsari daga damuwa da baƙin ciki, ya haɗa da nauyin bashi da rinjayen mazaje, duk a numfashi ɗaya. Ni wannan haɗin ya sanyaya mini rai, domin na daina ganin fargabata a matsayin raunin imani.

Amma idan ka kai mako biyu ko fiye kusan kullum ranka a dagule, abin da kake jin daɗinsa a da ya fita daga ranka, cin abinci ya gagara, to ka ga likita, wannan ciwo ne kuma yana da magani. Idan kuwa zuciya ta fara raya maka cewa gara ba ka duniyar, ranar nan ka gaya wa wani na kusa, ku je asibiti tare, kada ka jira gobe.

Yarinyar nan, ka sayo fensirin. Ka durƙusa daidai tsayinta ka ce Baba ya yi kuskure, ba ke kika yi laifi ba. Yara sukan ɗora wa kansu laifin abin da ba a bayyana musu ba. Nawa yaron, sai da na ba shi haƙuri sannan ya koma kawo mini waya.

TAMBAYA

Anti, ni da maigidana saura wata 14 mu gama biyan bashi, kuma muna kan tsari. Watan jiya takalmina ya tsinke karo na uku, na sayi sabo mai sauƙin kuɗi. Har yau yana cikin leda, duk na ɗauko sai in ji kamar na ci amanar gida. Laifi na yi?

Maman biyu

AMSA

Ƙanwata, fito da takalmin nan ki sa. Wata 14 tafiya ce mai nisa, kuma tsarin da bai bar wa mutum wurin numfashi ba yakan karye a tsakiya, sai a wayi gari an kashe ninkin abin da ake ta ƙwauro a kai don huce haushi. Ku zauna da maigidan ku ware wa kowa ɗan abu duk wata, ko kashi 1 ko 2 cikin ɗari na abin da ke shigowa, wanda ba mai tambayar wani inda ya kai shi. Ku kuma riƙa ajiye wani ɗan kaɗan gefe don irin wannan tsinkewar, ko da zai ja ranar gamawa ta matsa da wata guda, domin gidan da ba shi da ko kaɗan a ajiye, ƙaramar lalura ke mayar da shi wurin mai ba da rance. Tsohon takalmin kuma ki jefar, kada ki sake kai shi ɗinki karo na huɗu.