Tambaya da Amsa: Ina Zan Kai Iyalina Su Koyi Zamiya a Kan Dusar Ƙanƙara?

TAMBAYA

Assalamu alaikum, Malam. Ni ma'aikaci ne a Jos, ina zaune a unguwar Rayfield. Shekara biyu ke nan ina tara kuɗi domin in kai maiɗakina da yaranmu biyu, ɗan shekara 11 da 'yar shekara 8, su ga dusar ƙanƙara da idonsu, su kuma koyi wasan zamiya a kanta, wanda babu ɗayanmu da ya taɓa yi. Abokin aikina ya ce babu kamar Chamonix a Faransa, ƙanena da ke karatu a Turkiyya ya ce mu zo Uludağ, babban ɗana kuwa tun da ya ga hoton dutsen Matterhorn ya kafe sai Zermatt. Mako ɗaya muke da shi, a Janairu ko Fabrairu. Maiɗakina ta ce ita kallo kawai za ta yi. Wanne ya fi dacewa da mu?

Mai karatu daga Rayfield, Jos

AMSA

Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya sa albarka a wannan niyya. Bari in fara da wani abu da mutumin Jos zai fi kowa saurin ganewa. Garinku yana kan tudu mai tsayin kimanin mita 1,200, wato ya fi garin Chamonix kansa, wanda ke kan mita 1,035, amma ku ƙanƙarar damina kawai kuka sani, saboda kusancinmu da tsakiyar duniya. A can Turai kuwa tsayi shi ne abu na farko da ake dubawa, domin duk mita 1,000 da mutum ya hau, sanyi yana ƙaruwa da kimanin digiri 6 zuwa 7, kuma wannan bambancin ne ke sa abin da ya sauka a matsayin ruwan sama a cikin kwari ya sauka a matsayin dusar ƙanƙara a saman dutse. Abu na biyu shi ne inda gangaren yake fuskanta: wanda ke kallon arewa rana ba ta cika dukansa ba, saboda haka dusarsa takan daɗe tana da laushi, wanda ke kallon kudu kuwa yakan narke da rana ya daskare da dare, da safe ya zama kamar gilashi a ƙarƙashin ƙafar mai koyo.

Abokin aikinka bai faɗi ƙarya ba game da Chamonix, wanda ake furtawa Shamoni. A nan aka yi gasar Olamfik ta hunturu ta farko a 1924, garin yana gindin Mont Blanc mai tsayin sama da mita 4,800, kuma motar igiya, wato ɗakin da ke tafiya a sama rataye da igiyar ƙarfe, tana ɗaukar mutum daga tsakiyar gari zuwa dab da ƙololuwar dutsen Aiguille du Midi mai mita 3,842. Sai dai sunan da garin ya yi, ƙwararru ne suka ba shi. Shahararriyar hanyarsa ta Vallée Blanche, mai tsawon kusan kilomita 20, tana bi ne ta kan daskararren kogin ƙanƙara mai ramuka, ba a gyara ta, kuma mai hankali ba ya shiga sai da ɗan jagora. Abin da ya fi damuna game da ku shi ne filayen zamiyar ba a haɗe suke ba. Brévent daban, Grands Montets daban, Les Houches da Le Tour kowanne a nasa ƙarshen kwarin, sai an hau bas tsakaninsu. Ka kwatanta kanka da safe cikin sanyi, sanye da takalma masu nauyi da tauri, kana riƙe da kayan yara biyu kana jiran bas. Akwai wuraren koyo a can, kuma garin yana da rai sosai, ga shi tafiyar awa ɗaya da 'yan mintoci daga filin jirgin saman Janiba, amma ba shi zan zaɓa wa iyalin da za su fara ba.

Zermatt, a ƙasar Suwizalan, shi ne ya fi sauran tabbacin samun dusar ƙanƙara. Garin yana kan mita 1,600 da ɗoriya, motar igiya tana kaiwa har mita 3,883 a Klein Matterhorn, inda ake zamiya har da bazara, kuma hanyoyinsa sun haɗe da na Cervinia a Italiya, ta yadda mutum zai karya kumallo a wata ƙasa ya ci abincin rana a wata. Ɗaruruwan kilomitocin hanyoyin zamiya da ake tallatawa kada su ruɗe ka, domin mai koyo a makonsa na farko gangare biyu ko uku ne za su ishe shi. Ka lura da launukan hanyoyi: shuɗi mai sauƙi ne, ja matsakaici, baƙi na gwanaye, Faransawa suna da kore, wanda ya fi shuɗi sauƙi, amma a Suwizalan yawanci daga shuɗi ake farawa. Yawancin hanyoyin Zermatt ja ne, ko da yake akwai filin koyo na yara a Sunnegga, wanda jirgin ƙarƙashin ƙasa ke kaiwa cikin 'yan mintoci.

Inda Zermatt ya yi fice shi ne a wajen mutum irin uwargida, wadda ta ce kallo za ta yi, kuma ina roƙonka ka ɗauki maganarta da muhimmanci, domin ita za ta kwashe awa biyar ko shida kullum tana jiranku. Motoci masu amfani da fetur ba sa shiga garin. Ana ajiye su a Täsch, kilomita 5 daga nan, a ƙarasa a jirgin ƙasa, a cikin gari kuwa sai ƙananan motocin lantarki da tafiyar ƙafa, saboda haka babu hayaƙi, babu hayaniya. Akwai tsofaffin rumbunan katako da aka ɗora a kan faffaɗan duwatsu domin hana ɓera hawa, dabarar da duk wanda ya san rumbun ƙauyukan Filato zai gane nan take. Akwai kuma jirgin ƙasan Gornergrat, wanda aka buɗe a 1898, da zai kai ta mita 3,089 tana zaune cikin ɗumi, Matterhorn mai mita 4,478 yana tsaye a gabanta. Matsalar ɗaya ce, amma babba ce: tsada. Masauki, abinci, tikitin hawa da kuɗin malamin koyarwa duk da kuɗin Suwizalan ake biya, kuma abincin halal sai an nema da gangan. Mafita ita ce a kama gida mai ɗakin girki, uwargida ta tafi da yajinta da kayan miyarta busassu.

Shawarar ƙanenka tana da nauyi ta wata fuskar. Akwai jirgi kai tsaye daga Abuja zuwa Santambul, ba ka buƙatar bizar Shengen, wato wadda ake shiga Faransa da Suwizalan da ita, abinci ba abin tambaya ba ne, kuma za ka ji kiran salla. Uludağ yana da tsayin mita 2,543, gangarensa masu sauƙi ne, cikin itatuwa, sun dace da mai koyo ƙwarai, kuma a gindinsa akwai Bursa, tsohuwar hedikwatar Daular Usmaniyya, da babban masallacinta mai ƙubba 20 da aka kammala a 1399. Rauninsa biyu ne. A saman dutsen tarin otal-otal ne, ba gari ba, kuma ranakun Asabar da Lahadi mutanen Santambul sukan cika shi har layin hawa ya gajiyar da yara. Sannan kasancewarsa kusa da tekun Marmara, dusarsa takan yi nauyi da jiƙa, hazo kuma yakan rufe shi.

Saboda haka zan ƙara maka suna na huɗu da babu wanda ya ambata maka, wato Erciyes, da ake furtawa Arjiyes, tsohon dutse mai aman wuta mai tsayin mita 3,917, kimanin kilomita 25 daga birnin Kayseri a tsakiyar Turkiyya. Filayen zamiyarsa suna farawa daga wajen mita 2,200, wato sama da garin Zermatt, iskar yankin busasshiya ce, dusar takan yi laushi kamar gari, hanyoyin kuma faffaɗa ne. Aibinsa shi ne babu itatuwa, don haka ranar da iska ta taso ana iya rufe motocin igiya na sama. Kuna iya kwana a cikin Kayseri ku riƙa hawa da safe, uwargida ta samu kasuwa mai rufi, da masallacin Hunat Hatun na 1238, da kuma Kafadokiya, yankin yawon buɗe ido mai duwatsu masu ban mamaki, tafiyar kamar awa ɗaya, idan an ware rana guda ta hutu.

Ga hukuncina. Idan abin da ka tara zai ɗauki Zermatt ba tare da ka ci bashi ba, kuma an ba ku biza, ka cika wa yaron burinsa. Idan lissafin ya matse, ka tafi Erciyes da zuciya ɗaya, ka gayyaci ƙanenka ya same ku a can, Chamonix kuma a bar shi sai yaran sun ƙware. Game da lokaci, na fi son tsakiyar Janairu, bayan cunkoson Kirsimeti da sabuwar shekara, kafin hutun makarantun Turai na Fabrairu ya ɗaga farashi. Ka kuma duba kalanda, domin a 'yan shekarun nan azumi yana faɗowa a daidai wannan tsakanin. Kada ka sayi kayan zamiya, haya ake yi, amma hular kwano ga kowa wajibi ce, haka tabarau da man kare fata, domin hasken rana a kan farar dusa yana ƙona ido da fuska, ko da fatar baƙa ce. Ka biya wa yaran malami tun ranar farko, kai ma ka shiga aji, kuma kafin ku bar Jos ka tabbata inshorar tafiyarku ta ambaci wasan zamiya da ceto daga kan dutse a rubuce, domin inshorar da ake saye don neman biza sau da yawa ba ta haɗa da su ba.