Filin Tambaya da Amsa: Siginar Tirela, Tazara da Rigimar Wuce Mota

Saƙonnin da suka shigo wannan makon yawancinsu a kan tuƙi ne, musamman rigimar da ke tashi tsakanin direbobi wajen wuce juna da bin bayan juna. Na ɗauko guda uku.

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, don Allah a raba mana gardama. Na taso daga Zariya zan je Funtua da yamma lis, tun daga wajen Giwa nake bayan wata tirela ba ta gudu kuma ba hanyar wucewa, can sai na ga direban ya kunna siginar hagu, ni kuma wanda ya koya min mota ce min ya yi in babbar mota ta ba ka siginar hagu to cewa take ka wuce ta nan, ai kuwa na taka totur na fita, wallahi fitowata ke da wuya sai ga wata Sharon a guje, da ƙyar na koma bayansa, Allah ne kawai ya sa da sauran kwana. Da muka tsaya a gaba na same shi ina faɗa yana faɗa, wai shi ai hana ni ya yi. Waye mai laifi a cikinmu? Daga wani matashi a Funtua.

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanena, Allah ya ƙara tsarewa. Gaskiya ɗaya ce, direban tirelar nan bai zalunce ka ba. A wurin yawancin masu manyan motoci da ke bin hanyoyinmu, siginar hagu in kana bayansu nufinta kar ka fito akwai mota a gaba, ta dama kuma ita ce bismillah hanya ta buɗe. Amma matsalar ita ce wannan yaren ba a rubuce yake a littafin dokokin hanya ba, kowa a wurin ubangidansa ya koya, shi ya sa za ka samu masu fassara shi a juye kamar yadda aka koya maka. Kuma da daddare akwai masu kunna ta hagun don kawai motar da ke tahowa ta gane inda gefen motarsu ya tsaya, ba ma da kai suke ba. Sai ma'ana ta asali wadda doka ta sani, wato zan karkata hagu, ko don ya kauce wa rami ko lalatacciyar mota ko zai shiga wata kwana. To duba fa, cikin ma'anonin nan duka, in ka cire wadda aka koya maka, babu ɗaya da ta ce ka fito.

Ko da siginar dama ya ba ka, ko ya zuro hannu ta taga yana yafito ka, taimako ne ya yi maka kuma a gode masa, amma shi bai san ƙarfin injinka ba, bai san kana da mutum shida da buhun masara a but ba, bai san giyar da kake ciki ba. Idonka ne zai yanke hukunci, in ba ka ga hanya da kanka ba to ba a fita.

Bari in yi maka lissafi don mutane ba sa ɗaukar abin nan da girmansa. Tirela ta kan kai kusan mita 18 a tsayi. A ce tana tafiya a kan kilomita 50 a awa kai kuma ka fito a kan 80, in ka haɗa tazarar da ke tsakaninku kafin ka fito da tsayinta da tsayin motarka da kuma filin da za ka bari kafin ka koma hannunka, za ka shafe sakan 7 zuwa 8 a hannun da ba naka ba. A wannan lokacin kai ka ci sama da mita 150, motar da ke tahowa ita ma in a kan 80 take ta ci kamar haka, ka ga kenan kana buƙatar fiye da mita 300 na hanya fes ba kowa kafin ka ce za ka fita, kuma 'yan Sharon ɗin nan ka san ba kowa ne ke tsayawa a 80 ba. Shi ya sa aka hana wuce mota a kwana da kan tudu da mahaɗar hanya da ƙaramar gada da duk inda aka ja farin layi wanda bai yanke ba.

Kuma ina kyautata zaton ka manne wa tirelar sosai, don da ka ja baya kaɗan da ka hango Sharon ɗin tun kafin ka karya sitiyari. Wanda ya liƙe a gindin tirela ba abin da yake gani sai bodi, shi ma direban ba ya ganinsa, in ba ka hango madubinsa na gefe to shi ma ba ka cikin madubin nan. In kun sake haɗuwa a hanya ka ba shi haƙuri, ya cancanta.

TAMBAYA: Malam barka da aiki. Ni a Kano nake tuƙi, kullum in na bar fili tsakanina da motar gabana sai wani ya kutso ya shige, ko ɗan adaidaita ko mai mota, na baya kuma ya manne min yana ta danna hon yana cewa ai mace ce. Maigidana ya ce in daina barin fili, ƙanina kuma ya ce in wani ya manne min in ɗan taka birki in tsorata shi. Wanne zan ɗauka? Daga wata baiwar Allah, Kano.

AMSA: Hajiya, shawarar ƙanin nan naki kar ki kuskura ki gwada ta, ko sau ɗaya. Taka birki don a tsorata na baya shi ne yadda ake haɗa hatsarin mota uku huɗu a jere, kuma ke ce za ki fara shan dukan ta baya, ga yara wataƙila a kujerar baya. Maigida kuma ina ganin takaicin masu kutse ne ya sa ya faɗi haka, kuma na fahimce shi, amma filin nan da kike bari shi ne birkinki na gaskiya.

Ga dalili. Daga lokacin da idonki ya ga danjar motar gaba ta kama zuwa lokacin da ƙafarki za ta sauka kan birki, sakan ɗaya ko fiye ya wuce, motar kuma ba ta jira ki ba. A kan 50, wanda shi ne iyakar gudun ƙaramar mota a cikin gari, motarki na cin kusan mita 14 duk sakan ɗaya, a kan 100 kuma kusan mita 28. Kuma nisan da birki ke buƙata ba ninki biyu yake yi ba in gudu ya ninka, ninki huɗu yake yi. Don haka ake koyar da tazarar sakan biyu aƙalla. Yadda za ki auna da sauƙi ne, ki zaɓi wani abu a gefen titi, fal ɗin wuta ko allo, da motar gabanki ta gifta shi sai ki ce dubu ɗaya da ɗaya, dubu ɗaya da biyu, in kin iso wurin kafin ki gama to kin matso da yawa. In ana ruwa ko hazon hunturu ya sauko ko tayoyinki sun suɗe ki ninka.

Masu kutse kuwa ba za su daina ba, wannan kam na sani, hanyar Zariya ko Katsina Road da safe ba wanda zai ga fili ya bar shi. Amma ki lissafa abin da kika rasa, tsayin mota ɗaya ne, ki ɗaga ƙafa daga totur ki sake buɗe filin, ko goma suka shiga gabanki ba za su ƙara miki minti biyu ba. Wanda ya manne miki ta baya kuma maganinsa ki ƙara tazarar da ke gabanki, saboda in abu ya faru ki samu damar tsayawa a hankali ba birkin gaggawa ba, shi ma ya samu lokacin ganin danjarki, sannan da kin samu wuri ki matsa dama ki bar shi ya tafi. Zancen ai mace ce kuma yana ɓata min rai matuƙa, don abin da kike yi shi ne daidai, kuma da yawa cikin masu faɗin haka ba su taɓa buɗe littafin dokokin hanya ba tunda suka karɓi lasisi.

TAMBAYA: Ina kan tagwayen hanyar Kaduna zuwa Zariya a layin hagu, malejina na kan 100 daidai yadda doka ta ce, wani ya zo yana ta dalla min fitila. Dole ne in kauce masa alhali shi ne ke karya doka? Daga wani ma'aikaci, Kaduna.

AMSA: E Yallaɓai, ka kauce. Gaskiya ne 100 ce iyakar ƙaramar mota a irin wannan hanya, amma tun 1972 da Najeriya ta koma tuƙi a hannun dama, layin dama shi ne na tafiya, na hagu na wuce mota ne, ka wuce ka koma. Hukunta mai gudun wuce sa'a aikin jami'an hukumar kiyaye haɗurra ne, don haka aka kafa ta a 1988, kuma in ka ga mai tuƙin ganganci da zai iya hallaka mutane akwai layinsu na 122. In ka toshe masa hanya ba rage gudu zai yi ba, ta damanka zai bi ya wuce, inda ba ka tsammani, inda kuma masu babur da masu tsayawa sauke fasinja suke. Ka duba madubi, ka kunna siginar dama, in layin ya yi fili ka koma. In kuma akwai tirela a damanka ka gama wuce ta tukuna har sai ka ga gabanta gaba ɗaya a madubinka na ciki sannan ka shiga, kar fitilarsa ta sa ka yanko gaban motar da ke ɗauke da lodi, don ita ba ta iya tsayawa a inda taka za ta tsaya.