Ƙwallo a gidan kaso: ta ina za mu fara?

Tambaya: Ƙanena yana tsare a gidan kaso. Ƙungiyarmu ta matasa na son kai wa fursunoni wasanni, amma wasu dattawa na cewa gata ne ga mai laifi. Ta ina za mu fara?
Wata 'yar'uwa, unguwar Zariya, Maradi

Amsa: 'Yar'uwa, Allah ya kuɓutar da shi. Motsa jiki haƙƙinsa ne. Ƙa'idojin Nelson Mandela kan kula da fursunoni, waɗanda Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da su a 2015, sun tanadi aƙalla awa ɗaya kullum a sarari ga fursunan da ba ya aiki a waje. Wanda ya yi gumi da rana yakan samu barci, zuciyarsa ta lafa.

Ku fara da neman izini a rubuce daga shugaban gidan. Fili ƙarami ne, don haka ƙwallon mutum biyar-biyar ta fi dacewa, minti 10 kowane ɓangare, da sassafe ko bayan la'asar. Zafin Afrilu a Maradi yana wuce digiri 40, ku ajiye randar ruwa a gefe.

Inda abin ke lalacewa shi ne rabon 'yan wasa. In aka bari ɗaki ya kara da ɗaki, tsohuwar gaba za ta biyo su fili. A gauraya su, a riƙa juya alƙalanci tsakaninsu, domin wanda ya riƙe usur yau zai girmama hukuncin wani gobe.

Kokowa kuwa a jinkirta ta sai an samu rairayi mai laushi da ma'aikacin lafiya. Tsofaffi a ba su dara.